Kakana da Rautarsa ta Biyu

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya rasu a farkon daminar bana, an gama shuka, gero ya fara leƙowa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ni na ɗaura masa ruwa da hannuna, ya ɗan farfaɗo har ya nemi kunun tsamiya, washegari da hantsi ya cika. Ungozoma ce ni a ƙaramin asibitin garinmu, a ƙasar Ɗanbatta, kuma na ga mutuwa iri-iri a bakin aikin nan, amma ranar sai da aka riƙe ni.

An yi zaman makoki, maza a gindin darbejiyar ƙofar gida, mu mata a ciki. Wata tsohuwa ta zo da tocila ƙunshe a bakin zani, ta ce ya yi mata alkawarin gyarawa ranar kasuwa. Ta rasa wanda za ta miƙa wa, ta ajiye ta a ƙofar ɗakinsa ta fita tana sharar hawaye. Wasu dattawa sun zo daga Kano a mota ɗaya, duk furfura, abokan aikinsa ne na zamanin wayar tangaraho. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannun kawuna ya kasa cewa komai sai «Allah Ya ba mu haƙuri», yana ta maimaitawa. Manoma suka ce ba a taɓa kiran gayya ya zo a baya ba. Mahaifiyata kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai dai ta riƙa tashi tana shiga ɗakinsa tana fitowa hannu wofi.

A cikin wannan zaman ne na ji wata mata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai sakin hannu, in ban da akwatin nan na asibiti da ya hana kowa. Ta kusa da ita ta ce ai kowa da inda rowarsa take. Mai zancen rowar nan a hannuna ta haifi 'ya'yanta na baya-bayan nan. Na buɗe baki zan ba ta amsa, mahaifiyata ta mintsine ni a cinya, na haɗiye. Abin da na haɗiye ranar ne nake amayarwa a nan, domin ban yarda a tuna da shi da wannan maganar ba, kuma akwatin da ake faɗa har yau bai bar ni na huta ba.

Tun yana saurayi ya bar gari ya shiga aikin waya a Kano, yana hawa falwaya a tsakar rana. Da wayar tangaraho ta mutu, bai mutu tare da ita ba. Da furfurarsa ya zauna gaban yara sa'o'in 'ya'yansa ya koyi haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, ya ci abinci da wannan har ya yi ritaya ya dawo gida ya kama fartanya. Kakata ta riga shi rasuwa da daɗewa. Daga baya ya auri wata bazawara daga ƙauyen gabas da mu, mai sana'ar man gyaɗa, mace mai hankali da ta kusa arba'in. Ita da bakinta ta ce ta zaɓe shi ne don ba ya ɗaga murya. Inna muke kiranta.

Ni da shi kuwa wasan jika da kaka ne har ranar da ya kwanta. Yana kirana uwargida, kullum yana barazanar zai sake ni saboda tuwona gudaji ne. Ni kuma ina ce masa Tsoho, ina ce masa wa zai kwashi ragowar ƙasa in ba ni ba. A aljihun gabansa kullum akwai asuwaki da sukundireba, na sha gaya masa wata rana zai goge haƙoransa da wanda bai dace ba. Yana da wata ɗabi'a da take ba mu dariya: ba ya yarda da abu ɗaya tilo. Irin shuka sai ya raba shi, rabi a rumbunsa, rabi a rumbun ƙanwarsa a wata unguwa. In zai hau babur zuwa kasuwa sai ya tambayi ɗan acaɓa wace hanya za su bi idan wannan ta yanke. Ka yi masa tsiya ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa ce masa, Tsoho, kai ko likkafani biyu za ka tanada. Dariya kawai ya yi. Da aka buɗe adakarsa ranar rasuwa, biyun aka tarar, Inna ta ce ɗayan na duk wanda mutuwa ta yi wa ba-zata ne a unguwa, kuma ya sha bayarwa yana sake saye.

Garinmu a kwari yake. Sabis ɗin waya sai ka hau tudun bayan makaranta ka ɗaga hannu sama, in ka yi sa'a. Idan damina ta nutsa, rafi yana yanke mu daga titi, wani lokaci yini guda, wani lokaci fiye. Asibitinmu ɗaki biyu ne da sito, ni da abokiyar aikina. Wata ƙungiya ta ba mu kwamfuta da ƙaramar na'urar sikanin, suka ce akwai likitar mata a Kano da za ta riƙa duba masu ciki tare da mu ta bidiyo. Suka ɗauki hoto suka tafi, suka bar mu da zancen sabis. Kayan suka yi ta zama a lulluɓe da zani.

Tsoho ne ya ƙi haƙura. Ya tafi Kano ya sayo rauta, wato ɗan akwatin da duk abin da zai fita daga asibiti zuwa intanet sai ya bi ta cikinsa. Ya kafa dogon ƙarfe a bayan asibiti, ya ɗaura eriya a kai tana fuskantar Ɗanbatta, ya haɗa komai da sola. Ranar da fuskar likita ta fara bayyana a kwamfutarmu, matan da suka zo awo sai rufe baki suke da mayafi suna leƙe. Ya kira mai gari da liman, ya ce su shaida wannan rauta sadaka ce ga asibiti, ladan ya kai kabarin kakata. Aka shafa fatiha.

A daminar farko abin ya faru. An kawo mini wata mata tana zubar da jini, rafi ya cika, likita tana kan kwamfuta tana gaya mini abin da zan yi, sai hoton ya tsaya cak. Rautar ce ta sandare. Aka ruga gona aka kira shi, ya zo da gudu, taɓo har gwiwa, ya shiga sito yana kashewa yana kunnawa, ni ina jiyo numfashinsa ta bango. Kafin ta dawo an daɗe. Uwar ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Likita ta ce ko da ba a yanke ba da wuya a same shi, ni ma na gaya masa haka, kuma gaskiya ce. Bai karɓa ba. Ya yi kwanaki ba ya tsokanata, abincin Inna ma sai ya taɓa ya ture. Sannan ya kama ragon da yake kiwo don layya ya kai kasuwa, ya wuce Kano, ya dawo da wata rautar, iri ɗaya sak da ta farko.

Ya ɗora ta a kantar ƙasa, ƙarƙashin ta farko, ya yi mata tata eriyar a ɗaya gefen rufin, da layin wani kamfanin daban, da batirinta daban. Na ce masa to yanzu in ta sama ta tsaya sai na zo na sauya waya ke nan, hannuna duk jini? Ya ce ba abin da zan taɓa. Ya ce kwamfuta da na'urar sikanin ƙofa ɗaya suka sani, adireshi ɗaya, kuma ya sa rautocin biyu sun yi tarayya a wannan adireshin. Ta sama ce ke riƙe da shi, tana ta aika wa ta ƙasa ɗan saƙo cewa tana nan. Ta ƙasa ba abin da take yi sai saurare. Da zarar ta ji shiru, sai ta ɗauki adireshin ta ci gaba da aiki, kwamfuta ba za ta ma san an yi canji ba. Da ya ga ina kallonsa sheƙeƙe, sai ya ce in ɗauka liman ne da na'ibinsa: alwala ta warware wa liman a tsakiyar salla, ya jawo na bayansa, 'yan sahun baya ba su san an sauya ba sai an sallame. Na ce to Allah Ya sa na'ibin naka ba mai gyangyaɗi ba ne.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne garinmu. A nan duk abin da yake zaune ba ya aiki, na kowa ne. Tsani, turmi, amalanke, garmar shanu, in ba ka amfani da shi yau, maƙwabcinka zai aiko, kuma hanawa abin kunya ne da za a goranta wa jikokinka. Labari ya bazu cewa akwai akwatin sabis a asibiti da yake zaman banza. Hedimasta ya aiko yana so na mako ɗaya don rajistar 'yan jarrabawa. Tsoho ya hana shi. Ya kai ƙara wajen kwamitin asibiti, kwamiti suka ce ai kayan gari ne, su ke da ikon bayar da aro, kuma makaranta ma ta gari ce. Suka sa ranar da za a zo a ɗauka.

Ranar ne Tsoho ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, shi da ba ya ɗaga murya, ya yi magana yadda kowa zai ji.

«Jama'a ku shaida. Ta farko na ba asibiti sadaka. Ta biyun tawa ce, ban ba kowa ba, ajiye ta na yi a can. Wanda ya taɓa ta, kayana ya taɓa.»

Kwamiti suka janye, don ba su da iko da kayan mutum. Da yamma ya biyo ta asibiti yana murmushi kamar wanda ya ci kasuwa, ya ce mini, uwargida, ke dai kin san ta asibiti ce, faɗa na yi don su bar ta ta zauna lafiya. Na yi dariya, na ce ashe tsufa bai cinye wayon ba. Mu biyu ne a wurin, ba na uku. Wallahi ko a mafarki ban hango inda maganar nan za ta kai mu ba.

Da ta zama tasa, sai masu aro suka koma kansa, kuma wanda ya fi yi masa ciwo babban ɗansa ne, kawuna. Kawu yana da ɗan shago a kasuwar Ɗanbatta, yana yi wa mutane cire kuɗi da cike-ciken intanet, sabis kullum yana ba shi wahala, ga iyali da yawa. Kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. Shi ya riƙa kai ni makarantar ungozoma a bayan babur ɗinsa, ko sau ɗaya bai nuna gajiya ba. Ya zo ya durƙusa ya roƙi mahaifinsa aron rautar zuwa bayan salla, aka ce a'a. Ya ce ai ba aiki take ba. Tsoho ya ce zaman da take shi ne aikinta. Kawu ya tambaye shi ko akwati ya fi ɗansa, Tsoho ya ce ya gwammace ya yanka masa gefen gona ya sayar da ya ba shi ita na yini ɗaya. Kawu ya tashi ya kaɗe rigarsa. Duk ranin nan bai sake zama cin tuwon dare da mahaifinsa ba, sai dai ya zo da safe ya gaishe shi daga bakin zaure ya wuce. Na ga yadda abin yake cin Tsoho, yakan sa a zuba tuwon mutum biyu ya zauna yana kallon ƙofa. Daga baya suka shirya, ba wanda ya sake tayar da zancen, amma sunan marowaci ya riga ya bi shi.

Bayan sadakar bakwai aka fara tattara abin da ya bari. Ba wani abu mai yawa ba ne: gona, gida, awaki, keke, kayan aikinsa. Liman da Kawu suka zo asibiti, liman ya ce mini a hankali, 'yata, akwai kayan marigayi a wurinki. Na ce babu. Ya ce duk garin nan sun ji shi a ƙofar masallaci. Na faɗi abin da ya gaya mini da yamman nan, na rantse. Liman ya ce bai ƙaryata ni ba, ya san marigayi, ya san halinsa, amma maganar da aka yi a gaban jama'a ba ta faɗuwa da shaidar mutum ɗaya, balle mutumin da yake aiki da kayan. Ni kuma jika ce ta wajen 'ya mace, ba ni da ko allura a gadon, ba ni da bakin magana.

Na ce to su bari in nuna musu. Liman ya tsaya a baranda, don idonsa ya yi rauni kuma siton ƙarami ne, ni da Kawu muka shiga. Na kira abokiyar aikina ta buɗe kwamfuta. Kawu ya tambayi wacce ce ta biyun, na nuna masa ta ƙasa, ya zare wayarta. Kwamfuta ta ci gaba da aikinta. Ya dube ni. Na ce ya mayar, ya zare ta saman ya gani. Ya mayar, ya jira fitilarta ta kama, ya zare ta sama. Kwamfuta ta ɗan yi jim ta ci gaba. Na ce, ka gani ko, Kawu? Ya ce ya gani ƙwarai, duk wadda aka cire aiki yana tafiya, ke nan ɗaya ta ishe mu. Hujjar da na kawo da hannuna ita ta kayar da ni, kuma har yau ban san yadda ake nuna wa mutum amfanin abin da ba a ganin amfaninsa sai ranar masifa ba.

Abin da ya tsayar da su ranar shi ne cikin Inna. Tsoho ya rasu ya bar ta da ciki, kuma liman ya ce ba a raba gado sai an ga abin da aka haifa. Ya ce rautar ta zauna inda take zuwa lokacin. Kawu ya ce in an zo rabo a sa masa ita a kasonsa.

Cikin nan bai zo wa Inna da sauƙi ba. Ga shekaru, ga takaba, ga hawan jini, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ni nake zuwa gida in auna ta, ranar ganin likita kuma a kawo ta asibiti a lulluɓe. Ba ta ƙorafi, sai dai ta ce mini da yana nan da yanzu ya cika ta da tambayar ko ta sha magani. Zan faɗi abin da yake raina ko da ba daɗi: duk ranar da na ɗora tef a cikinta na ga ya ƙaru, ina murna, ina kuma jin tsoro, don na san haihuwar da nake roƙa mata ita ce za ta fitar da rautar daga asibiti. Na je wajen mai gari, ya ce maganar shari'a ce, ba ya shiga. Na je wajen kwamiti, shugabansu ya ce ai marigayin ne da kansa ya cire hannunsu. Na gaya wa likita, ta ce za ta nemi masu taimako, ta kuwa nema, aka ce sai shekara mai zuwa. Ba ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.

Naƙuda ta zo mata a tsakiyar marka, ana ruwa tun safe, rafi ya shafe hanya. Bayan azahar aka kawo ta a amalanke an rufa mata leda. Tana cewa kanta zai tsage, tana ganin walƙiya a idonta, na auna jini na ga ya hau ƙwarai. Jijjiga ce take tafe, kuma ba inda za a kai ta. Na kira likita, Allah Ya sa tana kusa. Ta ce in kwantar da hankalina, ta shiga gaya mini allurar da zan ja da yadda zan ba ta a hankali. Ina cikin turawa tsawa ta faɗi, irin wadda kake jin ta a haƙoranka. Abokiyar aikina ta durƙushe tana salati. Wani ƙauri ya taso daga wajen sito. Na ɗaga kai na ga fuskar likita ta tsaya, baki a buɗe, na ce shi ke nan, an maimaita. Ban gama faɗa a raina ba hoton ya motsa.

«Ci gaba, ina ganinki. Kada ki yi sauri.»

Ba ta ma san wani abu ya faru ba. Ta zauna tare da mu har la'asar ta wuce, har Inna ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace mai ƙarar murya. Da na gama gyara su na wanke hannu, sai na shiga sito. Ta sama ta yi baƙi ta gefen da wayar eriya take shiga, ba fitila ko ɗaya. Ta ƙasa tana ta ƙyafta fitilunta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na ce Tsoho ka yi gaskiya, kuma ka cuce ni, don wadda ka ba mu a gaban shaidu ita ce ta ƙone, wadda ka ce taka ce ita ta rage.

An yi suna, yarinya ta ci sunan kakata. Washegari da safe liman da Kawu suka zo. Labarin tsawar ya riga ya zagaye gari, har matar nan mai zancen rowa ta zo barka tana cewa ashe marigayi ya san abin da yake yi. Kawu ya rame a idona. Tun kafin a zauna ya ce shi ya janye, ba ya son rautar a kasonsa, ya yafe wa asibiti. Liman ya ce Allah Ya yi masa albarka, amma ba a kyauta da abin da bai zama naka ba tukuna. Akwai sauran magada, wasu suna Legas, akwai kuma jaririyar da ba ta da bakin yafewa. Gona ba ta rabuwa sai an cire amfani, don haka rabo sai bayan girbi. Kafin nan, tunda an ga tsawa tana iya cin irin wannan kaya, ba zai iya barin dukiyar marainiya a inda ta ci ɗaya rautar ba, sai a kulle ta a ɗakin marigayi tare da sauran kaya. Ya tambayi Kawu ko zai ɗauki lamunin biya idan ta ƙone. Kawu ya dubi tafin hannunsa, ni ma na san ba shi da shi.

Sai liman ya gyara zama ya ce amma duk wannan idan rautar da ta rage da rai ce ta magada. Idan wadda ta ƙone ce ta marigayi, to Allah Ya karɓi abinSa, ba wanda ake bi, magana ta ƙare. Ya ce shi bai san wacce ce wacce ba, iri ɗaya aka ce masa suke, kuma ni ce mai ajiya, abin da na faɗa shi zai ɗauka. Yana maganar yana kallon bakin ƙofa.

Kawu, wanda ya zare wayoyin nan da hannunsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

«Ni na manta. Ki duba da kyau, 'yar nan. Kada ki yi gaggawa.»

Bai manta ba. Na san bai manta ba, shi ma ya san na sani. Na shiga siton na tsaya, ba don ina da abin dubawa ba. Damina da sauranta, ina da mata masu tsohon ciki a hannuna, ɗaya ma tagwaye ne. Kalma ɗaya ce, kuma ita ce ainihin abin da Tsoho ya nufa, ni shaida ce. Amma ba abin da ya nufa aka tambaye ni ba, an tambaye ni wacce ya kawo daga baya. A cikin akwatin nan akwai haƙƙin yarinyar da na yanke wa cibiya da hannuna, kuma in na ci gaba da aikin a kan ƙarya, ban san da wane ido zan ƙara cewa mace ta yarda da ni ba. Na so in iya. Wallahi na so in iya.

Na fito na ce, «Ta ƙasa ce ta biyun. Mai ran ce tasa.»

Liman ya ce Allah Ya yi mana mafita. Kawu ya shiga ya durƙusa gaban kantar, ya kai hannu ya janye, ya ce in zo in cire da kaina kada ya ɓata wani abu. Na cire. Na naɗe ta da wayoyinta a cikin ɗankwalina na miƙa masa, ya karɓa hannu biyu, idonsa ya yi ja.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa, mai gyaran tocilar tsofaffi, wanda ya yarda a kira shi marowaci don matan garinsa su haihu lafiya. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabari, Ka raya marainiyarsa. Mu da muka rage kuma Ka dube mu, don dabararmu ta ƙare.

Suna fita suka yi kiciɓis da mai tagwayen a baranda, ta zo awo, ta tako tun daga unguwar gangare tana dafe da ƙugu. Ta matsa musu suka wuce, ta gaishe da liman, ta zauna a benci tana mayar da numfashi. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ta tambaye ni ko yau likita za ta gan ta, na ce ta shigo in fara auna ta tukuna.